Zaɓen man shafawa ga fatar da katangarta ta lalace

A saman fatar ɗan Adam akwai wani siririn ɓawo wanda kaurinsa a yawancin jiki bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na milimita ba, sai dai a tafin hannu da tafin ƙafa inda yake ninka haka sau da yawa. Aikinsa biyu ne: ya hana ruwan jiki tsiyayewa waje, ya kuma hana ƙura da ƙwayoyin cuta da sinadarai masu kaifi kutsawa ciki. Shi ne likitocin fata ke kira katangar fata. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa matattu ne, shimfiɗaɗɗu, a jere hawa 15 zuwa 20, kuma wani maiƙo ya cike duk wata kafa da ke tsakaninsu. Peter Elias, likitan fata a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, shi ya yaɗa kwatancin da ake koyarwa da shi tun farkon shekarun 1980: ƙwayoyin su ne tubala, maiƙon shi ne laka. Duk wanda ya ga katangar ƙasa bayan damina ya san lakar da ke tsakani ruwa ke fara zaizayewa, tubalin ya biyo baya.

Wannan maiƙo yana da haɗi na musamman. Kusan rabinsa wani nau'in kitse ne da ake kira seramaid, kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol, ragowar galibi asid na kitse. Fata ce ke ƙera su a ƙasa, ta turo su sama, su shimfiɗu hawa-hawa. A cikin matattun ƙwayoyin kuma akwai sinadarai masu riƙe ruwa, irin su yuriya da asid na laktik da ɓurɓushin wani furotin mai suna filagirin. Sannan saman lafiyayyar fata yana da ɗan tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, kuma sinadaran da ke ƙera seramaid sun fi aiki a cikin wannan tsamin. Tun 1952 wani masani a Amurka, Irvin Blank, ya nuna cewa ruwa ne ke sa ɓawon laushi. Idan ruwan cikinsa ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai ya yi gautsi ya fara tsagewa, kuma busasshen ɓawo ko an tsoma shi cikin mai ba ya laushi sai ya sami ruwa. Duk maganar man shafawa daga nan ta taso: babban aikin mai shi ne tsare ruwan da ke cikin fata har ta samu ta gyara kanta.

Abubuwan da ke rusa katangar sanannu ne. Akwai busasshiyar iska. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, danshin iska a Kano da Sakkwato da Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, sai fata ta riƙa asarar ruwa fiye da yadda take mayarwa. Akwai sabulu. Duk sabulun da aka dafa da mai da toka ko soda, har da sabulun salo da ake yabo don na gargajiya ne, kaifinsa yakan kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH. Yana wanke datti, yana wanke maiƙon tare da shi, yana kuma kashe tsamin fata na tsawon sa'o'i. In aka haɗa da ruwa mai zafi ƙwarai da dirza da soso, kamar yadda aka saba da sanyin asuba, ɓarnar sai ta ninka. Mai wanki da omo, da birkila mai dama siminti, da ma'aikaciyar jinya da ke wuni tana wanke hannu, duk a hannuwansu abin ke fara nunawa. Dilka da halawa da sauran kayan gyaran jikin amare kuwa da gangan suke kankare saman fata, kuma sheƙin da ake yabawa bayansu na fatar da aka rage wa rufi ne. Shekaru ma suna da nasu rabon, domin fatar tsoho ba ta ƙera maiƙo kamar ta saurayi, kuma in ta lalace tana jinkirin gyaruwa.

Wasu kuma da raunin aka haife su. A 2006 masana a Jami'ar Dandi ta Sikotilan, ƙarƙashin Irwin McLean, sun gano cewa naƙasa a ƙwayar gadon da ke ƙera filagirin tana daga cikin manyan sanadin egzima, ciwon nan na bushewa da ƙaiƙayi da ke kama yara tun suna goye. Irin wannan naƙasa ta fi yawa a Turai da gabashin Asiya, ba ta da yawa a Afirka, amma ciwon yana nan, kuma katangar mai shi tana yoyo ko a inda ido bai ga komai ba. Egzima daban take da ƙyasbi, wanda naman gwari ke kawowa, ko da yake a kasuwa akan haɗa su a sayar musu da magani ɗaya.

A baƙar fata, jan da littattafan Turai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai. Abin da ake gani shi ne furu-furu a ƙwauri da gwiwar hannu, kaushi, saɓa, wani lokaci wurin ya yi duhu ko toka-toka. Alamar da ta fi amfani ita ce raɗaɗi: man da mutum ya daɗe yana shafawa lafiya ya fara yi masa zafi, ko ruwan alwala kaɗai ya sa fuska ta ɗaure. In an kai nan, ƙaiƙayi yakan biyo baya, susa ta ƙara tsaga fata, tsagar ta ƙara ƙaiƙayi. Kuma a fata mai duhu duk inda aka sosa har ya kumbura yakan bar baƙin tabo da ke yin watanni bayan ciwon ya wuce. Wannan tabo ne ke tura mutane da yawa wajen man ƙara haske, wato wajen abin da zai ƙarasa rusa katangar.

Kayan da ke cikin kwalbar man shafawa, komai tsadarta, ayyuka uku suke yi. Wasu suna rufe fata su hana ruwa fita, wasu suna jawo ruwa su riƙe, wasu suna cike kafofin da ke tsakanin saɓa don fata ta yi santsi. A rukunin farko babu abin da ya kamo ƙafar basilin. Asalinsa rijiyoyin mai na Titusville a jihar Pensilbaniya, inda a 1859 Robert Chesebrough ya ga ma'aikata suna shafa wani danƙo da ke taruwa a jikin sandunan famfo a kan ƙuna da yanka. Ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872. Tataccen basilin yana rage fitar ruwa daga fata da kusan kashi 98 cikin 100, alhali lanolin da ake samu daga gashin tumaki, da farin man ma'adinai, da silikon, ba sa wuce kashi 20 zuwa 30. An daɗe ana zaton a sama kawai yake zama, sai a 1992 Ruby Ghadially da abokan aikinta suka nuna cewa yana ratsawa tsakanin ƙwayoyin ɓawon ya maye gurbin maiƙon da aka rasa, kuma fata tana saurin gyaruwa a ƙarƙashinsa. Da wuya a sami wanda jikinsa ke ƙinsa, kuma tunda babu ruwa a cikinsa ba ya buƙatar sinadarin hana ruɓa. Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan fage abin da ya fi araha shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Aibinsa a fili yake: danƙo, ɓata tufafi, kama ƙura, da kawo ƙurajen zafi in an lafta shi a bazara. Sannan fari mara ƙamshi ake nufi, domin mai launi da turare da ake aunawa a gwangwani wani abu ne daban.

Masu jawo ruwa kuwa babbansu gilisarin ne, sai yuriya, da asid na laktik, da asid na hayaluronik da ya cika tallace-tallace a 'yan shekarun nan. A nan yanayi ke shiga maganar. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke cike da danshi, mai ruwa-ruwa mai gilisarin yakan wadatar. A Agadas ko Maiduguri cikin Janairu babu wani danshi a iska da zai jawo, sai ya jawo na cikin fata zuwa sama, iska ta kwashe. Shi ya sa tsagwaron gilisarin da ake saye a kwalba da hunturu yakan bar fata da danƙo da ɗan zafi in an shafa shi haka nan. Sai an tsarma shi da ruwa ko an haɗa da wani mai, an kuma rufe da abu mai nauyi a kansa. Yuriya tana canza aiki gwargwadon ƙarfinta. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 tana laushi da riƙe ruwa, kashi 20 zuwa 25 tana narkar da kaushin dunduniya, kashi 40 har farce tana tausasawa. Ita da asid na laktik suna raɗaɗi a kan fatar da ta tsage, don haka ba a fara gyara da su, musamman a fuska da jikin yara. Bayan tsagar ta haɗe ne suke da amfani.

Seramaid ya cancanci a tsaya a kansa, domin da sunansa ake tsuga kuɗi. Hujjar da ke bayansa ta gaskiya ce. A shekarun 1990 Elias da Kenneth Feingold da Mao-Qiang Man sun gwada shafa kitsen nan uku a kan fatar da aka lalata wa katanga. Da suka shafa ɗaya ko biyu kaɗai, gyaruwar ta yi jinkiri fiye da in an bar fatar haka nan. Da suka haɗa ukun daidai wa daida, ta tafi yadda ta saba. Da suka ninka ɗaya daga ciki sau uku a kan sauran, ta ƙara sauri. Abin da wannan ke nunawa shi ne seramaid yana aiki ne tare da kolestarol da asid na kitse, kuma gwargwado yana da muhimmanci. Matsalar ita ce kwalabe kaɗan ne ke faɗin yawan abin da ke ciki, kuma ɗigo ɗaya ya isa a buga sunan da manyan baƙaƙe. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Amurka a 2011 kan yara 39 masu egzima, man basilin na kanti ya yi aiki daidai da wani man seramaid mai tsadar gaske da sai likita ya rubuta. Man seramaid mai kyau yana da amfaninsa, musamman ga fuska da ga wanda ba ya jure danƙo, kuma wasu sukan haɗa shi da niyasinamaid, wani nau'in bitamin B3 da ke ƙara wa fata ƙarfin ƙera nata seramaid. Amma wanda aljihunsa bai kai ba bai rasa komai mai girma ba.

Bayan abin da ke ciki, sai siffa. Mai kauri irin na basilin kusan duk maiƙo ne. Kirim haɗin mai da ruwa ne. Loshan galibinsa ruwa ne, shi ya sa yake shiga jiki nan da nan, kuma ya ɓace nan da nan. A ƙa'ida, gwargwadon bushewar fata gwargwadon kaurin da take buƙata. Sai dai wani babban gwaji da Matthew Ridd na Jami'ar Biristol ya jagoranta, aka wallafa a 2022, ya rage wa wannan ƙa'ida ƙarfi. An raba yara 550 masu egzima gida huɗu, wasu loshan, wasu kirim, wasu jel, wasu mai kauri, aka bi su mako 16, kuma ba a ga bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Abin da ya bambanta shi ne wanda iyaye da yara suka yarda su ci gaba da shafawa. A Ingila aka yi gwajin, inda iska ba ta bushewa kamar ta Sahel, don haka bai rushe hujjar mai kauri a hunturu ba. Darasinsa dai yana tsaye: man da yaro ke gudu in an ɗauko, ko budurwa ta ajiye don yana sa ta naso, ba zai yi aiki daga cikin kwaba ba. Dabarar da ta fi dacewa ga yawancin mutane ita ce kirim da rana, mai kauri da dare.

Man gargajiya yana buƙatar a bi shi ɗaya bayan ɗaya, don ba duka suka zama ɗaya ba. Man kaɗanya, wanda ake tatsa daga Neja da Kwara da Kabi har arewacin Gana da Burkina Faso da Mali, mafi yawansa asid na siteyarik da na oleyik ne, kuma yana da wani kaso mai yawa na sinadaran da ba sa zama sabulu, waɗanda ke rage kumburi. Yana narkewa da ɗumin jiki, yana rufe fata daidai gwargwado, duk da bai kai basilin ba. Gwaje-gwajen asibiti a kansa kaɗan ne kuma ƙanana, amma daɗewar da aka yi ana shafa shi ga jarirai da masu jego ita ma shaida ce da ba a raina ta. Mai kyau yana da launin ƙasa-ƙasa ko ruwan madara, da warinsa na hayaƙi-hayaƙi, kuma in an ɗora ɗan gutsure a tafin hannu aka murza yakan narke ba tare da tsakuwa ba. Wanda ya yi ɗoyi ya tsufa, kitsensa ya lalace, yana iya sa ƙaiƙayi. Tunda babu ruwa a cikinsa, a jiƙaƙƙiyar fata ake shafa shi. Man kwakwa da ɗan'uwansa alayyadi suna da asid na lorik mai kashe wasu ƙwayoyin cuta, kuma man kwakwa ya yi abin kirki a wani gwaji da aka yi kan yara masu egzima a Filifin, amma yana toshe kafofin gashi a fuska mai ƙuraje.

Man zaitun ne abin mamaki. Darajarsa a abinci da a zukatan jama'a ba ta da ja, sai dai a kan fatar da ta riga ta yi rauni sakamakonsa bai yi kyau ba. A 2013 Simon Danby da abokan aikinsa a Jami'ar Shefil sun sa manya 19 suna ɗiga ɗigo shida na mai a damtse sau biyu a yini har tsawon makonni. Inda aka shafa man zaitun katangar ta yi rauni, fata ta ɗan yi ja, har ga waɗanda ba su taɓa egzima ba. Inda aka shafa man sanfulawa ba a ga haka ba, danshi ma ya ƙaru. Bayanin da ake bayarwa shi ne yawan asid na oleyik a zaitun yana wargaza jerin hawa-hawan maiƙon fata, alhali asid na linoleyik da ya yi yawa a sanfulawa yana cikin kayan da fata ke gina seramaid da su. A wani asibitin yara a Daka, babban birnin Bangaladash, bakwaini da aka riƙa shafa wa man sanfulawa sun sami raguwar kamuwa da cututtukan asibiti da kashi 41 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2005. Man gyaɗa kuma an fi so a nisanta shi daga tsagaggiyar fatar jariri, domin wani bincike a Ingila a 2003 ya alaƙanta shafa shi a irin wannan fata da tasowar ƙin gyaɗa daga baya.

Ga fatar da ta lalace, abin da babu a kwalba yakan fi abin da ke ciki muhimmanci, tunda duk abin da aka shafa yana shiga fiye da ƙima. Turare ne kan gaba cikin masu tayar da borin fata, kuma wannan magana ce mai nauyi a inda ake auna man shafawa da hanci kafin a taya. Ƙamshin da aka tatso daga tsirrai, irin su lemo da na'ana'a da kanumfari, bai fi na masana'anta sauƙi ba. Mai son ƙamshi zai iya barinsa a kan tufafi. Rubutun gaban kwalba ma ba abin dogaro ba ne. A 2017 masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun bincika man shafawa 174 da suka fi kasuwa, suka tarar kashi 45 cikin 100 na waɗanda aka rubuta musu babu turare suna da wani sinadarin ƙamshi ko na tsirrai, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka ce ba sa tayar da bori suna da aƙalla abu ɗaya da ke iya tayarwa. Jerin kayan haɗi da ke baya da ƙananan baƙaƙe ya fi gaskiya. Ana jera su ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, don haka biyar na farko su ne ainihin man, kuma gajeren jeri ya fi dogo aminci. Duk mai ruwa a ciki dole a sa masa sinadarin hana ruɓa, wasu daga ciki kuma suna da zafi. Ɗaya mai suna metilaisotayazolinon ya jawo bori har Tarayyar Turai ta hana sa shi a man shafawa tun 2017.

Ko abin da ya fito daga kantin magani yana iya zama matsala. Farin kirim ɗin nan mai araha da ake kira akwiyos, wanda aka shekara da shekaru ana ba masu egzima, tsohon haɗinsa yana ɗauke da kusan kashi 1 cikin 100 na sinadarin kumfa irin na sabulun ruwa. A 2010 wani gwaji a Jami'ar Bath ya nuna cewa shafa shi na mako huɗu ya rage kaurin ɓawon lafiyayyar fata da kusan kashi 12 cikin 100, kuma a 2013 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kansa. Don wanka a madadin sabulu aka yi shi tun asali.

Haɗari mafi girma a kasuwannin Najeriya da Nijar shi ne man haɗi, wanda ake damawa a gida ko a shago a zuba a roba ba tare da jerin kaya ba, a tallata a Instagram da TikTok da sunan na tsirrai ne zalla. Da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, ko haidurokwinon, wani lokaci har da makuri. Sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu ko uku, shi ya sa ake rantsuwa da shi, amma yana hana fata ƙera maiƙonta, yana sirantar da ita. Bayan watanni sai jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsaga damtse da cinya, ƙuraje su feso, kuma ranar da aka daina fuska ta ɗauki zafi kamar an watsa barkono. Haka ƙananan bututun nan masu haɗe da magani uku da ake shafa wa jarirai kan kowane ƙurji. Sitiroyid magani ne na gaske ga egzima idan likita ya zaɓi ƙarfinsa ya ƙayyade kwanakinsa. Wanda ya daɗe a kansa kuwa da taimakon likita ya kamata ya sauka, a hankali, kuma a wannan tsakanin mai mara komai, basilin ko kaɗanya, shi ne kaɗai fatar ke iya ɗauka.

Sassan jiki ma ba buƙata ɗaya suke da ita ba. Fuska mai maiƙo da ƙuraje tana iya lalacewar katanga, galibi saboda yawan wanki da magungunan ƙuraje, kuma kirim mara nauyi mai gilisarin da silikon ko seramaid ya fi dacewa da ita. Hannu da ƙafa da fuska ana wanke su sau biyar a yini wajen alwala, don haka shafa ɗaya da safe ba ta kai su la'asar. Ɗan ƙaramin gwangwani a aljihu ko jaka ya fi babbar kwalba da ke jira a ɗaki. Faso yana son a jiƙa ƙafa, a shafa man yuriya ko basilin da kauri, a sa safa a kwana. Leɓe ba shi da glandar maiƙo, lasa kuma ƙara busar da shi take yi.

Yawan da ake shafawa shi ne inda aka fi gazawa. Jikin babban mutum yana cin giram 20 zuwa 30 a shafa ɗaya, kuma ƙa'idar kula da egzima ta Birtaniya ta tanadi giram 250 zuwa 500 a mako ga yaro. Da wannan lissafi, 'yar kwalba mai giram 50 da aka saya da tsada ba za ta wuce kwana biyu ba in da gaske ake. Ana shafawa cikin 'yan mintoci da fitowa wanka, bayan an ɗan tsane jiki ba tare da gogewa ba, ana bin kwanciyar gashi don kada kafofinsa su toshe. In mai a gwangwani yake, da cokali mai tsabta ake ɗiba, musamman in yara da yawa ke amfani da shi. Sabon mai ana gwada shi a lanƙwasar hannu na 'yan kwanaki kafin a kai shi fuska. Idan akwai maganin likita, a bar kamar rabin sa'a tsakaninsa da man. Duk wannan ba ya amfani in ba a rage ɓarna ba: ruwa mai ɗumi maimakon mai zafi, gajeren wanka, sabulu a hammata da matsematsi da ƙafa kawai, soso da dilka da kayan kankare fuska a jingine su tukuna.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Mai yana shiga zaren tufafi da zanin gado ya bushe a ciki, kuma irin wannan ƙyalle yana kama wuta nan take, wanki ma ba ya fitar da shi duka. A 2018 hukumar magunguna ta Birtaniya ta faɗaɗa gargaɗinta kan gobara ya haɗa da kowane irin man shafawa, bayan mutuwar kusan mutum 50. A inda ake jin ɗumi da kaskon gawayi, ake girki da itace, lokacin da aka fi lafta mai shi ne lokacin da aka fi matsawa kusa da wuta, kuma tsofaffi da yara su ne suka fi shan mai suka fi zama bakin murhu.

Idan an dace da mai kuma an daina ɓarna, raɗaɗi yakan lafa cikin 'yan kwanaki, kaushi cikin mako biyu, domin kusan haka ɓawon ke ɗauka ya sabunta. Cikakkiyar gyaruwa takan kai wata ɗaya ko fiye, tabo kuma ya fi haka daɗewa. In an yi wata ba canji, to wataƙila ba bushewa kaɗai ba ce. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare ya kama 'yan gida ɗaya ƙazuwa ce. Zagayayyen tabo mai baki-baki da ke faɗaɗa makero ne, kuma mai ba ya kashe naman gwari. Wurin da ke tsiyayar ruwa ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ya zo da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga. Bushewa da ƙaiƙayin duk jiki da suka taso wa babba ba dalili suna iya zama alamar ciwon sukari ko na ƙoda ko hanta ko raunin maƙoƙo, kuma mai ciwon sukari ba ya wasa da faso. Tabo mai haske da ba ya jin taɓawa ko zafi kuwa ana kai shi asibiti a duba kuturta, wadda ake warkewa daga gare ta da magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke rabawa kyauta tun 1995.